Tarihin Jesse Brown, matuƙin jirgin saman yaƙi baƙar fata na farko a rundunar sojan ruwan Amurka

Marigayi Jesse Leroy Brown shi ne baƙar fata na farko da ya kammala horon tuƙin jirgin sama na rundunar sojan ruwan Amurka, kuma shi ne hafsa baƙar fata na farko na wannan runduna da ya rasa ransa a yaƙin Koriya. Shekarunsa 24 kacal a duniya lokacin da jirginsa ya faɗo a tsakanin tsaunukan Koriya ta Arewa, a ranar 4 ga watan Disamban shekarar 1950. Abin da ya faru a wannan yammacin, inda wani abokin aikinsa farar fata ya faɗo da nasa jirgin da gangan domin ya cece shi, ya kasance ɗaya daga cikin al'amuran da aka fi tunawa da su a tarihin wannan yaƙi.

Haihuwa da tasowa

An haifi Jesse Brown a ranar 13 ga watan Oktoban shekarar 1926 a garin Hattiesburg na jihar Misisipi, a kudancin Amurka, yankin da a wancan zamani dokokin wariyar launin fata suka raba baƙaƙe da fararen fata a makarantu da asibitoci da motocin haya da gidajen abinci. Yana ɗaya daga cikin 'ya'ya shida na gidansu. Mahaifiyarsa Julia malamar makaranta ce, mahaifinsa John kuwa ma'aikaci ne a wani ɗakin ajiyar kayan masarufi. Da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe a farkon shekarun 1930, mahaifin ya rasa aikinsa, daga bisani iyalin suka koma wani ƙauye mai suna Lux, inda suka riƙa noma gonar wani, idan kaka ta yi a raba amfanin gona da mai gonar. A nan Jesse ya tashi yana tsinkar auduga tare da 'yan uwansa.

Yana da shekaru shida mahaifinsa ya kai shi kallon wasan jiragen sama, tun daga ranar kuwa sha'awar tuƙin jirgi ta shiga ransa. Da ya ɗan tasa sai ya shiga tallar jaridar Pittsburgh Courier, wadda baƙaƙen fata ke bugawa, a cikinta ne kuma ya riƙa karanta labaran 'yan tsirarun baƙaƙen da suka koyi tuƙin jirgin sama. A shekarar 1937, yana yaro ɗan shekara 11 ko ƙasa da haka, ya rubuta wa shugaba Franklin Roosevelt wasiƙa yana kokawa da yadda aka hana baƙaƙen fata shiga sashen jiragen sama na rundunar sojan ƙasar.

Ya yi karatun sakandare a makarantar Eureka da ke Hattiesburg, wadda ta baƙaƙen fata ce zalla, ya kuma kammala a shekarar 1944 a matsayi na biyu a ajinsu. A wannan makaranta ya haɗu da Daisy Pearl Nix, wadda daga baya ta zama matarsa. Duk da shawarar da aka ba shi ta ya nemi ɗaya daga cikin kwalejojin baƙaƙen fata na kudu, Brown ya zaɓi jami'ar jihar Ohio da ke arewa, inda gwaninsa Jesse Owens ya yi karatu, wato ɗan tseren nan da ya lashe lambobin zinariya huɗu a wasannin Olympics na birnin Berlin a shekarar 1936. Ya karanta fannin injiniyan gine-gine, yana zuwa aji da safe, daga la'asar zuwa tsakar dare kuma yana lodin kaya a taragun jirgin ƙasa domin ya biya kuɗin makaranta.

Shiga soja da samun horo

A jami'ar ya nemi shiga sashen koyon tuƙin jirgi ba sau ɗaya ba, amma aka ƙi karɓarsa saboda launin fatarsa. Daga baya ya sami labarin wani shiri na rundunar sojan ruwa wanda ke ɗaukar ɗaliban jami'o'i a koya musu tuƙin jirgin sama. Masu ɗaukar ma'aikatan sun yi ta jan ƙafa, to amma ya ci jarrabawar shiga, a watan Yulin shekarar 1946 kuma aka rubuta sunansa. Alawus ɗin dala 50 da aka riƙa ba shi duk wata ya ba shi damar barin aikin dako.

A watan Maris na shekarar 1947 ya fara horo a sansanin Glenview da ke jihar Illinois, daga nan ya wuce Ottumwa a jihar Iowa, sannan Pensacola a jihar Florida, babbar cibiyar koyar da matuƙan jiragen sojan ruwa. Shi kaɗai ne baƙar fata a cikin ɗaliban, a Pensacola kuwa, da yake gari ne na kudu, ya fuskanci wariya a fili daga wasu malamai da ɗalibai. Bugu da ƙari ya ɗaukar wa kansa wani haɗarin: doka ta hana ɗalibai yin aure kafin su gama horo, wanda aka kama kuwa kora ce hukuncinsa, amma duk da haka a watan Oktoban shekarar 1947 ya auri Daisy a asirce, ya ci gaba da ɓoye zancen har ya kammala.

A ranar 21 ga watan Oktoban shekarar 1948 aka liƙa masa alamar fikafikai ta zinariya, wadda ke nuna cewa ya zama cikakken matuƙin jirgin sama na rundunar sojan ruwa. Hakan ya zo ne watanni uku bayan da shugaba Harry Truman ya sanya hannu a kan umarnin da ya soke wariyar launin fata a rundunonin sojan ƙasar, umarnin da manyan hafsoshi da dama ba su yi maraba da shi ba, bisa iƙirarin cewa fararen fata ba za su yarda su yi yaƙi kafaɗa da kafaɗa da baƙaƙe ba. Jaridu da mujallu sun buga hotonsa. A watan Disamban wannan shekara aka haifa masa 'yarsa Pamela, a watan Afrilun 1949 kuma aka ba shi muƙamin ƙaramin hafsa.

Aiki a kan jirgin ruwa

An tura Brown zuwa ayarin jiragen yaƙi na 32, wanda daga baya ya koma kan jirgin ruwan nan mai ɗauke da jiragen sama da ake kira Leyte. Tsawon wannan jirgi ya kai kimanin mita 270, wanda idan aka kwatanta da filin saukar jiragen sama na tudu, bai taka kara ya karya ba. A wancan zamani kuma shimfiɗar saman irin waɗannan jirage miƙaƙƙiya ce, ana sauka ta baya, a gaba kuwa an jera jiragen da suka riga suka sauka. A wutsiyar kowane jirgin sama akwai ƙugiya, wajibi ne matuƙi ya sa ta kama ɗaya daga cikin igiyoyin ƙarfen da aka gitta a kan shimfiɗar, su ne za su tsayar da jirgin cikin daƙiƙu kaɗan. Idan ƙugiyar ta kuskure, sai jirgin ya afka wa shingen waya, idan kuma ya tsallake shingen, to ya auka wa jiragen da ke gaba da mutanen da ke aiki a kansu. Duk wannan kuwa ana yin sa ne a yayin da jirgin ruwan ke tafiya, igiyar ruwa na ɗaga shi tana saukewa.

A gefen baya na shimfiɗar akwai wani hafsa da ke tsayawa da wasu faifai biyu a hannu, yana nuna wa mai saukowa ko ya yi sama da yawa, ko ya yi ƙasa, ko gudunsa ya wuce kima. Shi ke ba da izinin sauka, shi ke kuma korar matuƙi ya sake zagayowa, umarninsa kuwa ba a musu da shi. Jirgin da ayarin su Brown ya tafi yaƙi da shi shi ne Corsair, mai farfela da lanƙwasassun fikafikai, wanda ya yi suna tun a yaƙin duniya na biyu. Jirgi ne mai ƙarfi, sai dai hancinsa dogo ne ƙwarai, yana tare wa matuƙi ganin gabansa a lokacin sauka, abin da ya sa dole ya tunkaro jirgin ruwan a karkace domin kada ya daina ganin mai faifan. A wannan aiki Brown ya yi suna a tsakanin abokansa a matsayin ƙwararren matuƙi mai natsuwa, har aka ba shi jagorancin wani ɓangare na ayarin.

Yaƙin Koriya

A ranar 25 ga watan Yunin shekarar 1950 sojojin Koriya ta Arewa suka kutsa cikin Koriya ta Kudu, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta amince da a tura dakaru ƙarƙashin jagorancin Amurka. A lokacin jirgin Leyte yana tekun Bahar Rum. Aka umarce shi ya juyo, ya ratsa tekun Atlantika da mashigin Panama da tekun Pasifik, ya isa yankin Koriya a watan Oktoba, inda ya shiga cikin ayarin jiragen ruwan da ke kai farmaki daga gabar gabas. A wannan lokaci alamu sun nuna kamar yaƙin ya kusa ƙarewa, domin bayan saukar da dakaru a Inchon a watan Satumba, sojojin Janar Douglas MacArthur sun fatattaki na Arewa, sun kuma nausa zuwa kogin Yalu, iyakar Koriya da ƙasar Sin.

Brown ya fita farmaki sau 20 a wannan yaƙi. Shi da abokansa sun kai hare-hare a kan hanyoyin sufuri da sansanonin soja da wuraren taruwar dakaru a yankunan Wonsan da Chongjin da Songjin da Sinanju. Aikin yana da haɗari ta kowace fuska. Ana tashi ne cikin iska mai tsananin sanyi, a kan tekun da wanda ya faɗa cikinsa ba ya daɗewa da rai, a shiga tsakanin tsaunuka cikin hazo, a yi ƙasa-ƙasa sosai domin a ga abin da za a harba, wanda hakan ke nufin cewa ko mai riƙe da ƙaramar bindiga a ƙasa yana iya samun jirgin. Bayan duk wannan kuma sai a dawo a gajiye a nemi igiyar ƙarfe da ƙugiya.

A ƙarshen watan Nuwamba al'amura suka juya. Dakarun ƙasar Sin, waɗanda suka tsallako kogin Yalu a ɓoye suna tafiyar dare, suka afka wa sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya. A yankin tafkin Chosin, wanda Koriyawa ke kira Changjin, sojojin Sin kimanin 120,000 suka yi wa dakaru kimanin 30,000 ƙawanya, galibinsu sojojin kundumbala na Amurka. Sanyi kan kai digiri 30 ƙasa da sifiri da dare, mafita kuwa guda ɗaya ce, wata siririyar hanya da ta ratsa duwatsu ta gangara zuwa tashar jiragen ruwa ta Hungnam, tafiyar sama da kilomita 120. Sojojin Sin sun mamaye tuddan da ke gefen hanyar, saboda haka rayuwar waɗanda aka yi wa ƙawanya ta rataya a kan jiragen saman da ke zuwa daga teku su yi luguden wuta a kan tuddan. Matuƙan Leyte suka shiga fita kusan kullum. A daren ranar 3 ga watan Disamba Brown ya zauna ya rubuta wa matarsa wasiƙa, ita ce kuwa ta ƙarshe da ya rubuta.

Ranar 4 ga watan Disamba

Da misalin ƙarfe 1:38 na rana jiragen Corsair shida suka tashi daga kan Leyte ƙarƙashin jagorancin mataimakin kwamandan ayarin, Dick Cevoli. Wanda aka haɗa da Brown ya riƙa tashi a gefensa yana tsare masa baya shi ne Laftanar Thomas Hudner, farar fata daga garin Fall River na jihar Massachusetts, ɗan gidan masu hali wanda ya yi karatu a kwalejin horar da hafsoshin sojan ruwa. Hudner ya fi Brown muƙami, amma Brown ya fi shi daɗewa a tuƙi, don haka shi ke gaba. Bayan tafiyar kimanin kilomita 160 suka isa yankin tafkin, suka sauko ƙasa zuwa kimanin mita 200 suna neman inda sojojin Sin suka ɓuya a cikin dusar ƙanƙara.

Wajen ƙarfe 2:40 ɗaya daga cikin matuƙan, Bill Koenig, ya lura cewa wani abu na tsiyaya daga jirgin Brown. Bisa ga dukkan alamu harsashin ƙaramar bindiga ne ya huda bututun man injin. Cikin ƙanƙanin lokaci injin ya fara mutuwa, jirgin kuma ya yi ƙasa da yawa, babu halin ya yi tsalle da laima. Brown ya zubar da tankin mai da rokokin da yake ɗauke da su, ya nufi wani ɗan fili a gefen tsauni ya kifa jirgin a kan cikinsa. Jirgin ya bugi ƙasa da ƙarfi har gabansa ya lanƙwashe, abokansa da ke shawagi a sama suka ɗauka ya mutu. Can sai suka ga ya buɗe murfin gilashin yana ɗaga musu hannu, amma bai fito ba, ga kuma hayaƙi yana tashi daga injin, kusa da tankin mai. Wurin yana da nisan kimanin kilomita 24 a bayan layin sojojin Sin.

An kira jirgi mai saukar ungulu, to sai dai Hudner ya ga cewa kafin ya iso wuta na iya cinye mutumin. Ba tare da neman izini ba, ya saukar da lafiyayyen jirginsa a kan cikinsa a gefen tsaunin, matakin da ya saɓa wa ƙa'ida, wanda kuma ka iya kai shi gaban kotun soja idan ma ya tsira da ransa. Ya ji rauni a baya wajen saukar, amma ya ratsa dusar ƙanƙara ya isa ga Brown, ya tarar ƙarfen jirgin ya danne masa ƙafa. Brown ya riga ya cire hular kwanonsa da safar hannu a ƙoƙarin kuɓutar da kansa, hannayensa kuma sun sandare. Hudner ya sa masa hular ulu, ya naɗe masa hannaye da mayafin wuya, ya riƙa ɗibar dusar ƙanƙara da hannu yana cusawa inda hayaƙin ke fitowa. Ya yi ta jan sa, ƙafar ba ta motsa ba.

Jirgi mai saukar ungulun ya iso, wani hafsan kundumbala mai suna Charles Ward ne ke tuƙa shi, ya kuma zo da gatari da na'urar kashe gobara kamar yadda Hudner ya nema ta rediyo. Su biyun suka shafe kimanin minti 45 suna saran ƙarfen jirgin, gatarin bai yi tasiri ba, har ta kai ga an yi tunanin yanke ƙafar. A tsawon wannan lokaci Brown bai yi kururuwa ba, ƙarfinsa dai ya yi ta raguwa saboda rauni da sanyi. Maganarsa ta ƙarshe saƙo ne ga matarsa Daisy, cewa a shaida mata irin ƙaunar da yake yi mata. Rana ta kusa faɗuwa, jirgin Ward kuma ba ya iya tashi cikin duhu a tsakanin tsaunuka. A lokacin Brown ya riga ya daina motsi. Dole Hudner ya bi Ward suka tashi, ana kuma kyautata zaton Brown ya cika jim kaɗan bayan haka.

Bayan rasuwarsa

Hudner ya roƙi a bar shi ya koma ya ɗauko gawar, amma shugabanninsa suka ƙi, domin suna fargabar sojojin Sin za su yi kwanton ɓauna a wurin a sake asarar wasu rayukan. Bayan 'yan kwanaki aka tura jirage daga Leyte suka ƙone jiragen biyu da gawar da bama-baman napalm, domin kada su faɗa hannun abokan gaba, matuƙan kuma suka yi masa addu'a ta addininsu na Kirista ta rediyo. Dakarun da aka yi wa ƙawanya kuwa sun fasa ta, suka isa Hungnam, inda kafin ranar 24 ga watan Disamba aka kwashe sojoji sama da 100,000 da fararen hula kusan adadin haka ta teku.

An ba Brown lambobin yabo uku bayan rasuwarsa, ciki har da ta bajinta a fagen tuƙin jirgin sama. Hudner kuwa, maimakon kotun soja, kyaftin ɗin Leyte ya ba da sunansa domin a karrama shi. A ranar 13 ga watan Afrilun shekarar 1951 shugaba Truman ya rataya masa lambar girmamawa mafi daraja ta sojan Amurka a fadar White House, Daisy kuma tana wurin. A nan suka fara haɗuwa, zumuncin iyalan biyu kuma ya ɗore har tsawon rayuwarsu. Labarin ya bazu a jaridu a daidai lokacin da ake ta muhawara a kan haɗa baƙaƙe da farare a soja. Daga cikin matasan da labarin Brown ya zaburar akwai Frank Petersen, wanda a shekarar 1952 ya zama matuƙin jirgin sama baƙar fata na farko a rundunar kundumbala, daga baya kuma janar baƙar fata na farko a cikinta.

A watan Fabrairun shekarar 1973 rundunar sojan ruwa ta ƙaddamar da wani jirgin ruwan yaƙi da aka raɗa wa sunan Jesse L. Brown, a wani bikin da Daisy da Pamela da Hudner suka halarta. Jirgin ya yi aiki har zuwa shekarar 1994, lokacin da aka miƙa shi ga ƙasar Masar, wadda ta sauya masa suna zuwa Damiyat. A shekarar 2022 aka fitar da fim mai suna Devotion a kan rayuwar mutanen biyu, wanda aka gina a kan littafin marubuci Adam Makos.

A watan Yulin shekarar 2013, yana da shekaru 88, Hudner ya tafi Koriya ta Arewa da niyyar gano inda jirgin ya faɗi ko a sami abin da ya rage na abokinsa, amma ambaliyar damina ta lalata hanyoyin zuwa yankin tafkin, ya dawo bai isa wurin ba. Daisy ta rasu a shekarar 2014, Hudner kuma a watan Nuwamban 2017 yana da shekaru 93, ba tare da ɗayansu ya ga an dawo da Jesse Brown gida ba.